Ranar da Na Sa wa Teku Kanwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da kuwa na so in manta, domin akwai wani farin hijabin makaranta a ƙasan akwatina da yake ɗauke da shaida har yau: baƙin tabo daga kafaɗa zuwa ƙirji, mai siffar taswirar wata ƙasa da ba ta cikin littafi. Umma ta wanke shi da omo, ta jiƙa shi da lemon tsami, ina jin har addu'a ta tofa masa, amma ya ce yana nan daram.

Kafin in kai ku wurin tabon, bari ku san wace ce ni. Ni irin yaran nan ce da malami zai yi wata guda yana koyarwa kafin ya gano suna ajin. Idan aka ce wa ya san amsa, sai in duƙa ƙarƙashin tebur ina neman fensirin da yake hannuna. Na san wace fanka ce take kuka a ajinmu idan ta juyo hagu, na san malamar da take sauya fil ɗin hijabinta duk ranar Alhamis, amma a ce in buɗe baki in gaishe da baƙo, sai harshena ya tafi hutu.

Karatun Abba ne ya kawo mu Kuala Lumpur. A gida kifin dam yake nazari, tarwaɗa da karfasa, abin da kowa ya sani kuma kowa yake ci. Da ya samu tallafin digiri na uku, sai ya faɗa hannun wata Farfesa mai nazarin halittun teku, ita kuma ta haɗa shi da sotong. Ga wanda bai sani ba, sotong wata halitta ce da ba ta da suna a Hausa, don kakanninmu ba su taɓa haɗuwa da ita ba (kuma da sun haɗu, gudu za su yi, ba raɗin suna ba). Irin wanda Abba yake nazari jikinsa a baje yake kamar tafin hannu. Yana da hannaye a fuska, daidai inda ya kamata a ce gemu yake, da wani farin ƙashi guda ɗaya a baya mai kama da alli, da jakar tawada da yake fesawa in ya tsorata. Kuma yana sauya launi, ya fi hawainiya sauri nesa ba kusa ba.

Ranar da Umma ta fara ganinsu a kasuwar Chow Kit, an jera su a kan ƙanƙara, sai ta ja mayafinta ta ce, "Malam, wai wannan abin ne ya raba mu da Kano?"

Abba ya ce, "Shi ne, Hajiya. Halal ne ma. In kina so a tapau mana, wato a ƙunso mu tafi da shi gida."

"Ka tapau wa Farfesarka. Ni abin da yake da hannu a baki ba zai shiga tukunyata ba."

Ni kuwa tun ranar da Abba ya fara tafiya da ni ɗakin bincikensu lokacin hutu, na samu wurin da ya dace da ni. Babu mai tambayata komai. Tankunan gilashi ne jere hagu da dama, kowanne da siririn bututu yana ɓulɓulo kumfa, ga ƙwayayen sotong a cure baƙi ƙirin, sak nunanniyar ɗinya. In ka haska musu tocila za ka ga ɗan abin a ciki yana juyi.

"Mamana," in ji Abba (haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini), "kin ga hayaƙin motocin da muke hangowa daga barandarmu a Wangsa Maju? Ba duka yake tsayawa a sama ba. Teku yana shanye wani kaso, in ya sha kuma sai ruwansa ya riƙa yin tsami a hankali. Tankunan hagu, ruwan teku ne irin na yau. Na dama kuma mun hura musu iskar, mun mai da su irin ruwan da ake tsoron jikokinki za su tarar."

Da ya juya baya na tsoma ɗan yatsa a na dama na lasa. Gishiri kawai na ji. Ashe yana kallona ta jikin gilashi.

"Ba irin tsamin da harshe yake ji ba ne," ya ce yana dariya. "Ke ba za ki ji ba. Amma wanda yake cikin ƙwai, yana gina ƙashinsa da idonsa da ƙwaƙwalwarsa da wannan ruwan, shi muke so mu san ko yana ji."

A ɗaya daga tankunan dama aka ƙyanƙyashe Kwalli. Shi ne na ƙarshen fitowa, kuma ya fi kowa ƙanƙanta. Ni na sa masa sunan, saboda wani baƙin layi da ya zagaye idonsa kamar an rambaɗa masa kwalli za shi gidan biki. Na hagu, idan aka jefa musu ɗan jatan lande, sai ka ga sun laɓaɓo, launi yana gudu a bayansu kamar inuwar gajimare, sannan su harbo dogayen hannaye biyu, caraf! An gama. Kwalli kuwa sai ya saita, ya yi jim, ya sake saitawa, ya harba, ya kama ruwa. Jatan landen ya wuce abinsa. Daga nan sai ya yi duhu, ya koma kusurwar baya ta hagu, ƙarƙashin bututu, ya riƙa watsa wa kansa yashi. Hatta sajewa da yashin ba ya yi da wuri. Sauran sun ɓace tuni, shi yana nan baƙi a kan fari, kamar ni a hoton ajinmu.

Abba yana cewa ba duk na dama ne haka ba, wasu ko a jikinsu, shi ya sa ma ake binciken. Ni dai ban damu da wasu ba. Na san yadda ake ji idan aka yi kuskure aka rasa wurin ɓuya.

To, sai ga ranar kimiyya ta makarantarmu ta taso. Ƙawata Nurin, Bamalaya ce, ita ce bakina a makaranta: ita take saya mini abinci a kanti, ita take ce wa malamai ina da ciwon maƙogwaro. Ba ta shawarce ni ba ta ɗaga hannu ta ce wa Cikgu, malamarmu ta kimiyya, mu za mu kawo sotong masu rai.

Na tsunkule ta. Ta ce, "Boleh lah, zai yiwu mana! Kowa dutse mai aman wuta na kwali zai kawo. Mu babanki yana da dodanni a gilashi."

Cikgu ta kalle ni ta saman tabarau, kamar ranar ta fara ganina. Ta ce tunda ni na san su, ni zan yi bayani a kan dandamali, Nurin ta jefa jatan lande. Na buɗe baki in ce a'a, sai kaina ya gyaɗa da kansa.

Abba ya fi kowa murna. Ya roƙi Farfesa ta ara masa guda biyu, ta yarda bisa sharaɗin a mayar da su yadda aka ɗauke su, don ba a gama awonsu ba. Daga hagu ya zaɓi wani mai tumbi da nake kira Alhaji. Daga dama ya zaɓi Kwalli.

"Me ya sa shi, Abba?"

"Don shi ya fi nuna abin a fili. In ya kai hari ya kuskure a gaban mutane, ba sai kin yi dogon Turanci ba. Kowa zai gani da idonsa."

Kowa zai gani da idonsa. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Wato za a ɗauko Kwalli daga kusurwarsa, a ɗora shi a kan tebur gaban makaranta duka, don kawai a kalli yadda yake kasawa. Kuma ni ce zan nuna shi da yatsa. Na so in ce wa Abba ya canza, amma yana ta washe baki yana goge gilashi, na kasa.

Ranar Juma'a da yamma ina kicin ina taya Umma aiki. Miyar yakuwa take yi, da ganyen da take samu wurin wasu mata 'yan Burma a Chow Kit. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Kai, wannan yakuwar tasu ta cika tsami." Ta hau kujera, ta sauko da gwangwanin madara daga can saman kabad. A nan take ɓoye kanwarta. Ku sani, kanwa a Kuala Lumpur ba abin wasa ba ce. Babu kedai, wato shago, da za ka shiga ka samu. Sai wani zai zo daga gida a yi ta waya ana roƙo, a naɗe ta cikin atamfa a tura ƙasan akwati. Umma tana iya ba maƙwabciya aron tukunya, da gas, da ni kaina, amma kanwa sai dai ta gutsura miki da farce tana kallon idonki.

Ta jefa ɗan guntu kamar ƙwayar wake. Miyar ta yi kumfa, ta yi tsuwwa, ta kwanta. Umma ta ɗanɗana ta miƙo mini cokali. "Kin ji? Tsami ya mutu."

Tsami ya mutu.

Jama'a, a wannan lokacin na ji kamar an kunna fitila a cikin kaina. Ga manyan masana sun cika ɗaki da bututu da na'urori suna kukan tsami, ga maganin abin a gwangwanin madara a Wangsa Maju! Na ma ji tausayin Farfesa, da ba ta taso a gidan da ake miyar yakuwa ba. Kuma kada ku ce ban yi lissafi ba, na yi. Idan tukunya tana cin kamar wake, tankin Kwalli ya ninka tukunya, don haka zai ci kamar dabino. Da Umma ta shiga alwala na hau kujerar, na zaɓo mai girman dabino (dabinon Madina, ba ɗan ƙaramin nan ba), na ƙulle a leda na sa a aljihun siket ɗin makaranta.

Washegari tun da safe Abba ya kafa tankuna biyu a kan dandamali, ya haɗa bututun kumfa, ya maƙala wa kowanne na'urar awon tsami, ya ajiye jarkar ruwan teku a ƙarƙashin tebur ko da za a buƙata. Sannan ya lulluɓe su da baƙin ƙyalle don kada hayaniya ta firgita su. Ya fita tarbo Farfesa a bakin ƙofa. Nurin ta tafi leƙen duwatsun kwali na abokan hamayya. Na duba hagu, na duba dama, na ɗaga gefen ƙyallen. Kwalli yana kusurwarsa, ido cike da kwalli.

Na ce a hankali, "Yau ba za ka ji kunya ba." Na yi bismilla na jefa, na sauke ƙyalle.

Zauren ya cika. Ashe Abba ya sanar a zauren wayar 'yan Najeriya, don haka layukan gaba na gefe guda duk huluna ne da ɗaurin ɗankwali. Umma ta ci atamfarta ta Sallah, ta zauna kusa da Farfesa, suna ta yi wa juna murmushin waɗanda ba su da yaren haɗuwa. Aka yi duwatsu masu aman wuta har na daina ƙirgawa. Sannan aka kira mu. Cikgu ta maƙala mini ɗan ƙaramin makirufo a wuyan hijabi. Ku riƙe wannan makirufon a ranku, don ni na manta da shi.

Abin mamaki, da na fara magana sai muryata ta fito. Ina jin sirrin da na ɓoye ƙarƙashin ƙyalle ne ya ba ni ƙarfi. Na yi bayanin hayaƙi da teku. Na yi bayanin ƙwai mai kama da ɗinya, na ɗaga farin ƙashin da Abba ya ba ni na nuna, na ce ruwa mai tsami yana iya sauya yadda ake gina shi, kuma da shi sotong yake daidaita tashi da nutsewa. Na ce wasu jariran suna fitowa ƙanana, wasu farauta tana ba su wuya. Na hango Abba yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. A raina ina cewa, ka jira, Abba, yau ɗan dama zai ba ka mamaki.

Sai na zo kan jimlar da muka fi maimaitawa a gida, wadda Abba ya ce ita ce zuciyar bayanin. Na ɗaga murya, har da ɗaga yatsa, na ce da Turanci: "Babban haɗarin shi ne, ido ba ya ganin wannan tsamin. Yanzu zan buɗe tankunan nan biyu, kuma na ƙalubalanci kowa a zauren nan ya bambanta su."

Ni da Nurin muka kama ƙyallen muka fizge.

Tankin hagu garau, Alhaji yana shawagi da tumbinsa.

Tankin dama kunun gyaɗa.

Fari fat. Ba yashi, ba Kwalli, ba komai, sai kumfar bututu tana juya shi kamar ana damawa. Yatsana yana nan a sama inda na bar shi. Zauren ya yi tsit, har na ji fankar silin ta uku tana ƙara. Can sai wata 'yar mitsitsiyar yarinya a layin gaba ta nuna da hannu ta ce da ƙarfi, "Susu!" wato madara. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce shi fa ya bambanta.

Ban taɓa sanin Abba yana iya tsalle ba sai ranar. Bai bi ta matakala ba. Ya duba na'urar awo, ya ƙwanƙwasa ta, ya sake dubawa, ya ce, "Innalillahi." Farfesa ta hawo da sauri, ta jawo jarka ta tsiyaya ruwa a bokiti. Abba ya zura 'yar raga yana lalube cikin farin ruwan, yana fito da ita ba komai. A nan ne na manta da mutane. Abu ɗaya kawai nake ji: na kashe shi.

"Kusurwar baya ta hagu, Abba," na ce. "Ƙarƙashin bututu. Can yake zuwa."

Ya kai ragar can, ya ɗago a hankali. Na kai fuskata kusa don in ga ko yana motsi. Yana motsi kuwa. Kwallin da tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa saita abu ya samu a karon farko ba, ranar ya saita, ya feso tawada, ya same ni daga kafaɗa zuwa ƙirji. Har a leɓe.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na'ura ce ta lalace, a tausaya mini, a wuce wurin. Amma Umma ta riga ta hawo dandamali don ta goge mini fuska. Tana gogewa da gefen mayafi, sai idonta ya sauka kan wani abu a ƙasan tankin, jikin gilashi. Matar da ta rantse ba za ta taɓa ruwan sotong ba ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwa, ta ciro ragowar dabinona. Ta shinshina. Ta ɗan lasa.

"Kai! Wannan ai kanwata ce!"

Bakinta yana daidai wuyana, wato daidai makirufo. Maganar ta fito ta kowace lasifika a zauren, har ta dawo mana daga bango. Ni kuma, maimakon in tuna da abin da yake wuyana, sai na matsa kusa da ita na yi raɗa, irin raɗar da nake tsammanin daga ni sai ita:

"Umma, kaɗan na saka. Tsamin ne ya yi masa yawa. Kamar yadda kike yi wa yakuwa."

Raɗar ta zagaye zauren tsaf, har da shessheƙar da ta biyo baya.

Gefen huluna da ɗankwali ya fashe. Wani abokin Abba ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Wata Anti ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Allah, ta yi wa teku miya!" Sauran zauren, Malayawa da 'yan Sin da Indiyawa, suna ta waige-waige suna son a ba su nasu kason. Cikgu ta karɓi babban makirufo, cikin ladabi ta tambaya, wai mene ne kanwa?

Na kalli Abba, yana durƙushe kan bokiti. Na kalli ƙasa, ta ƙi tsagewa. Na so a ce ina da baiwar sotong in koma launin labule. Sai kawai Umma, wadda ko a taron iyaye ba ta taɓa cewa uffan ba, ta karɓi makirufon. Da Malayancin kasuwa, da guntun Turanci, da hannu, ta koya wa makaranta duka yadda ake miyar yakuwa. Ta nuna yadda ake yamutsa fuska in an ji tsami, ta nuna girman wake da yatsu biyu, ta yi sautin kumfa da baki. Sannan ta ɗaga ragowar kanwar sama, ta nuna ni, ta nuna girman da na ɗauka. Iyaye mata suka yi "Ooo!" gaba ɗaya. Aka tafa mata. Tafin da ba a yi wa ko dutse ɗaya mai aman wuta ba.

Nurin tana gefe riƙe da kofin jatan landen da ba a jefa ba. Ta matso ta ce, "Na ce miki za a tuna da mu, lah."

Ba mu jira rabon kyauta ba. Farfesa ta ce a kai shi ɗakin bincike yanzu. Na zauna a bayan mota da bokiti a cinya, Umma tana gaba kusa da Abba. Kwalli yana kwance a ƙasa, ya yi fari fes, launin da ban taɓa gani a jikinsa ba, gefen jikinsa kawai yake ɗan kaɗawa. Da muka tsaya a danja, sai Abba ya kira ni.

"Mamana."

"Na'am, Abba."

"Tsamin kin kashe shi, ba ƙarya. Kin kashe shi har kin zarce. Ruwan teku yana da sinadarin alli a narke, kanwarki ta koro shi waje, shi ne farin da kika gani. Kuma irin wannan sauyin na farat ɗaya ya fi tsamin kansa haɗari a gare shi."

"Na ɗauka zai warke ne, ya kama jatan landen."

"A cikin ruwan nan aka gina shi tun yana ƙwai. Abin da aka gina a hankali ba ya gyaruwa da safiya ɗaya." Ya kalle ni ta madubi. "Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kunya nake ji."

"Kin ji kunyar tambayar mutum ɗaya a falo, shi ne kika je kika ba da amsa a lasifika?"

Umma ta ce, "Ni duk ba wannan ba, Malam. Ka ga girman da ta ɗauka? Miyar wata guda fa!"

Abba ya kifa kai a kan sitiyari. Na ɗauka kuka yake, saboda Farfesa da sharaɗinta. Sai da na bayanmu ya yi hon na gane dariya ce.

A ɗakin bincike aka riƙa ɗiga masa sabon ruwa kaɗan-kaɗan. Na ja kujera na zauna, na ƙi cin abinci, na ƙi cire hijabin. Wajen la'asar na ga wani ɗigo mai ruwan ƙasa ya bayyana a bayansa, sai wani, sai wani, kamar ana yayyafa masa yaji. Ya ɗago, ya ɗan yi iyo, ya nufi kusurwar baya ta hagu. Na ƙwalla ihun da ya sa wani ɗalibi ya zubar da shayinsa.

Farfesa ta zo ta duba shi, ta ce zai rayu, amma ba zai koma cikin bincike ba, don babu littafin da yake da gurbin sotong ɗin da aka yi wa miya. Abba ya ba ta haƙuri, ni ma na ba ta, kaina a ƙasa. Ta ce in ɗago. Ta ce akwai masana da suke tunanin zuba wa teku abubuwa irin wannan don rage tsamin, amma har yanzu gwaji suke a tsorace, kuma su ba sa sata daga gwangwanin uwarsu. Ta sa aka mayar da Kwalli babban tankin bakin ƙofa, mai ruwan yau da kullum, inda babu mai auna kowa. Abba ya ce an yi masa ritaya da cikakken fansho.

Yanzu a makaranta babu wanda bai san ni ba. Daga mai gadi har shugaba, Kanwa suke kirana, kuma ina amsawa, don na gano cewa in mutum ya riga ya ji kunya a lasifika, gaisuwar safe ba ta da wani nauyi. Har tambaya nake yi a aji. Umma ta sauya wa gwangwaninta maɓoya (yana bayan buhun shinkafa, amma ban faɗa mata na sani ba).

Kwalli ya girma ya kai tafin hannuna. Bai zama gwani ba, yana kuskure har yanzu, kuma in ya kuskure yana tafiya kusurwa. Amma wata ranar hutu, ɗakin ba kowa sai ni, na jefa masa jatan lande. Ya saita, ya yi jim, ya harba, caraf! Ya tsaya yana kallona da abin a baki. Ban tafa ba, ban kira kowa ba. Na san ba zai so ba.

Abin da na koya shi ne, teku ba tukunyar Umma ba ce, tsamin da duniya ta daɗe tana zuba masa ba zai mutu da abin da ke aljihun siket ɗina ba. In kuma kika tashi rufa wa wani asiri, ki fara tambayar wanda ya sani. In kin ƙi tambaya, to don Allah, ki cire makirufo.